In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Yadda Ƙwayoyin Halittar Jiki Ke Aika Saƙo Da Karɓarsa

1.0 Gabatarwa

Na san wani zai yi mamakin ganin maƙala kan kimiyyar jiki a mujallar masu nazarin harshe. Abin da ya sa na rubuta ta wani kuskure ne da na tafka da bakina, kuma kuskuren na fassara ne.

A wani hutu da ya gabata na raka kawuna asibiti. Kawu falken albasa ne, yakan sauko da kaya daga Arewa ya sauka a Sabo ta Ibadan. Yarabancinsa na ciniki ne, Turanci kuwa sai 'yan kalmomi, don haka ni na zama tafinta. Likita ya ce Kawu yana da ciwon sukari nau'i na 2, wato jikinsa yana yin sinadarin insulin, amma jikin ba ya amsa masa yadda ya kamata. Kalmar Turancin da likita ya yi amfani da ita, idan aka bi ƙamus, tana nufin turjiya. Ni kuma a lokacin abin da na sani game da insulin shi ne allurar masu sukari. Sai na juya na ce, "Kawu, likita ya ce jikinka yana turje wa maganin sukari." Kawu ya gyaɗa kai, muka karɓi ƙwayoyi muka fito.

Bayan mako 6 aka kira ni a waya. Kawu ya daina shan magani, kuma wani ɗan miki a ƙafarsa ya ƙi warkewa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ɗana, ai kai ka ce jikina ba ya karɓar magani. To, me zai sa in yi ta zuba kuɗi a kansa?"

Wannan magana ta hana ni barci. Ita ta tura ni ɗakin karatu da wajen abokaina na sashen kimiyya, don in gane abin da likita ya so faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce in kawo abin da na koyo cikin Hausa, tare da 'yan kalmomin da nake ganin za su yi mana aiki.

2.0 Ƙwayar Halitta Da Buƙatar Sadarwa

Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. Ido ba ya ganin yawancinsu sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30 ko fiye. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani mai maiƙo wanda ya raba cikinta da waje. Wadda ke cikin hanta ba ta ganin abin da ido ya gani, wadda ke cikin tsokar ƙafa ba ta san an ci tuwo ba. Duk da haka, idan kare ya biyo mutum, cikin ƙiftawar ido zuciya ta ƙara bugu, huhu ya buɗe, hanta ta saki sukari. Ke nan akwai wata hanya da labari ke bi.

Mu da muka yi darasin sadarwa mun san rukunanta: mai aikawa, saƙo, hanya, mai karɓa, da martani. Haka abin yake a cikin jiki. Mai aikawa ƙwayar halitta ce. Saƙon kuwa ɗan ƙaramin sinadari ne. Hanyar takan zama jini, ko ɗan ratar da ke tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta. Saƙon da ke bin jini zuwa nesa shi ake kira homon, kamar insulin da adirinalin. Abin da ke karɓar saƙo wani furotin ne da ke zaune a jikin tantanin ƙwaya ko a cikinta. Na ba shi suna makarɓi, jam'i makarɓai, bisa tsarin sunayen kayan aiki irin su mabuɗi da mabuɗai, madubi da madubai.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin ƙarni na 20 an ɗauka cewa jijiyoyi ne kaɗai ke kai umarni ga gaɓoɓi. A shekarar 1902, a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka yanke jijiyoyin da ke zuwa wani sashe na hanjin kare, suka zuba ruwa mai tsami a cikinsa. Sai ga fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta fara tsiyayar da ruwan narka abinci. Tun da babu jijiya, lallai saƙon ta jini ya bi. A 1905 Starling ya fito da kalmar homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

A 1921, a ƙasar Ostiriya, Otto Loewi ya yi gwaji da zukatan kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu. Wannan ya nuna cewa jijiya ma da sinadari take isar da saƙonta. Daga baya aka tabbatar sinadarin shi ne asetilkolin. A wannan shekarar ce kuma Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a watan Janairu na 1922.

Tambayar da ta saura ita ce, idan saƙo ya iso bakin ƙwaya, yaya cikinta ke samun labari? Earl Sutherland ne ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da yake nazarin yadda adirinalin ke sa hanta ta saki sukari. Ya gano cewa adirinalin ba ya shiga ciki. A waje yake tsayawa, sai wani sinadari daban, wanda ake taƙaita sunansa da cAMP, ya ɗauki labarin ya shiga da shi. Sutherland ya kira shi ɗan aike na biyu, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1971.

4.0 Matakan Isar Da Saƙo

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce mu tuna gidan Bahaushe. Baƙo namiji ba ya zarcewa cikin gida. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, sai a tura yaro ya kai labari ciki, mutanen gida kuma su yi abin da ya dace, ko a kawo ruwa, ko maigida ya fito. Matakan uku ne.

Na farko, karɓa. Saƙo ya zo ya zauna a kan makarɓin da ya dace da siffarsa, sai makarɓin ya sauya tsayuwa. Wannan ɗan motsi shi ne amsa sallama.

Na biyu, miƙawa. A irin makarɓin adirinalin, motsin yakan taɓa wani furotin da ke bayan tantani mai suna furotin G. Shi wannan kamar makunnin lantarki yake, sai dai yana kashe kansa bayan ɗan lokaci. Alfred Gilman da Martin Rodbell sun sami lambar Nobel a 1994 saboda gano shi. Idan ya kunnu, sai ya sa a ƙera cAMP da yawa, su kuma su tayar da wasu furotin, waɗannan su tayar da na gabansu. A kowane mataki adadi yana ninkuwa, shi ya sa ɗan homon kaɗan ke girgiza jiki duka.

Na uku, martani. Ƙwaya takan saki wani abu, ko ta tsuke, ko ta rabu gida biyu, ko ma ta kashe kanta idan ta lalace.

Akwai kuma saƙonnin da ba su tsayawa a zaure. Homon masu maiƙo, irin su istirojin da testostiron, suna ratsa tantani kai tsaye kamar 'yan gida, makarɓansu suna can ciki.

Makarɓai masu aiki da furotin G su ne dangi mafi girma. Ɗan Adam yana da kimanin iri 800, kusan rabinsu na jin ƙamshi da wari ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su a kan wannan dangi suke aiki. Robert Lefkowitz da Brian Kobilka sun sami lambar Nobel ta fannin sinadarai a 2012 saboda bayyana yadda suke.

5.0 Ma'ana Tana Wajen Mai Ji

Wannan shi ne sashen da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe, kuma a nan ne binciken zamani ya fi mayar da hankali. Saƙo shi kaɗai ba ya yanke ma'ana. Abubuwa uku ne ke taimaka masa.

5.1 Wane Ne Ya Ji?

Asetilkolin ɗin da ya rage bugun zuciyar kwaɗon Loewi, shi ne dai ke sa tsokar hannu ta tsuke, shi ne kuma ke sa yawu ya tsinke a baki. Adirinalin yana hanzarta zuciya, yana sassauta hanyoyin iska na huhu, yana tsuke ƙananan hanyoyin jini na fata. Kalma ɗaya, martani daban-daban, domin kowace ƙwaya da irin makarɓinta da irin yaran aikenta. Abin shaƙar da masu asma ke amfani da shi, mai ɗauke da salbutamol, an tsara shi ne ya fi yi wa makarɓin huhu magana fiye da na zuciya.

Ga wani misali daga kicin. Bahaushe yana cewa barkono yana da zafi, yana kuma cewa wuta tana da zafi. A 1997 David Julius ya gano makarɓin da sinadarin barkono ke kamawa, sai ta bayyana cewa shi ne dai makarɓin da ke kunnuwa idan zafi ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Ke nan a wajen jijiya, barkono da garwashi da kalma ɗaya suke zuwa. Tsuntsaye kuwa nasu makarɓin ba ya jin sinadarin barkono, shi ya sa suke cinsa hankali kwance. Julius ya raba lambar Nobel ta 2021 da Ardem Patapoutian, wanda ya gano makarɓan jin taɓi da dannawa.

5.2 Tsawon Wane Lokaci?

Duk ɗalibin tsarin sauti ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo. Baƙaƙensu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Masana sun tarar da irin wannan a cikin ƙwayoyin halitta. Akwai wasu ƙwayoyi da aka samo daga ɓera ake rainonsu a ɗakin gwaji. Idan aka ba su wani saƙo, furotin mai suna ERK yakan kunnu na 'yan mintuna ya mutu, sai su yi ta rabuwa suna yawaita. Idan aka ba su wani saƙon daban, ERK ɗin dai yakan kunnu na awoyi, sai su daina rabuwa su fara fitar da rassa kamar ƙwayoyin jijiya. Chris Marshall ya yi bayanin wannan a 1995. A 2012 kuma ɗakin binciken Galit Lahav a Jami'ar Harvard ya nuna cewa furotin p53, mai tsaron kundin gado na ƙwaya, idan yana tashi yana sauka, ƙwayar da ta ji rauni takan gyara kanta ta ci gaba da rabuwa, amma idan ya tashi ya tsaya a sama, sai ta daina rabuwa gaba ɗaya.

5.3 A Ina Aka Faɗa?

Maganar da aka yi a zaure da wadda aka yi a ɗaka ba nauyinsu ɗaya ba. An daɗe ana zaton cewa idan ƙwaya ta haɗiye makarɓi zuwa cikinta, to ta rufe masa baki ke nan. A 2013 masu bincike a ɗakin gwajin Mark von Zastrow a San Francisco suka nuna cewa makarɓin adirinalin yana ci gaba da aika saƙo daga cikin 'yar jakar da aka haɗiye shi. Bincike na baya-bayan nan yana nuna cewa saƙon da ya fito daga ciki yakan haifar da martani daban da wanda ya fito daga bakin tantani.

6.0 Idan Sadarwa Ta Lalace

Cututtuka da dama da muka sani matsalar sadarwa ce.

Kwalara, wadda kan addabi garuruwanmu musamman da damina, misali ce mai kyau. Dafin ƙwayar cutar yana shiga ƙwayoyin hanji ya maƙale furotin G a kunne, ya hana shi kashe kansa. Sai cAMP ya yi ta ƙaruwa, ƙwayoyin su yi ta tura gishiri cikin hanji, ruwa ya bi gishirin. Idan abin ya tsananta, majiyyaci yakan rasa kusan lita ɗaya a awa ɗaya. Ruwan gishiri da sukari yana ceton rai ne domin akwai wata ƙofa a hanji da ke shigar da gishiri tare da sukari, kuma dafin bai taɓa ta ba.

A ciwon daji kuwa, sau da yawa saƙon da ke cewa "rabu" ne ke maƙalewa, ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tare da an aiko ta ba. Maganin imatinib, wanda aka amince da shi a 2001, yana toshe irin wannan furotin a wani nau'in sankarar jini. Furotin RAS, wanda ke lalacewa a cututtukan daji masu yawa, ya gagari masu haɗa magani kusan shekara 40, sai a 2021 aka amince da sotorasib, wanda ke kama wani nau'i ɗaya na lalacewarsa.

Sai ciwon Kawu. Bayan cin abinci, fankiriyas yana sakin insulin. Insulin ya zauna a kan makarɓinsa a ƙwayoyin tsoka da na kitse, saƙo ya shiga, sai ƙwayar ta fito da ƙofofin shigar sukari daga cikinta ta kafa su a jikin tantani. A ciwon sukari nau'i na 1, ƙwayoyin da ke yin insulin ne suka lalace, babu mai sallama. A nau'i na 2, ana sallama amma jin mutanen gida ya yi nauyi. Sukari ya taru a jini, a hankali ya lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi, har miki ya ƙi warkewa.

7.0 Inda Bincike Ya Dosa

Abu na farko shi ne ganin makarɓai ido da ido. A 2011 Kobilka da abokan aikinsa suka fitar da siffar makarɓin adirinalin a daidai lokacin da yake riƙe da furotin G. Bayan haka wata dabara ta daskarar da furotin a ɗauki hotonsa da madubin lantarki, wadda ta sami lambar Nobel a 2017, ta sa aka ga siffofin makarɓai masu yawa. Manhajar AlphaFold kuma tana hasashen siffar furotin ta kwamfuta, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun sami rabon lambar Nobel ta 2024 saboda ita.

Na biyu, zaɓen ɗan aike. Makarɓi ɗaya yana iya tura yara biyu, furotin G da wani mai suna arestin. Masu bincike suna ƙoƙarin haɗa maganin da zai tura ɗaya ya bar ɗaya, da fatan a sami amfani a rage illa. A 2020 Amurka ta amince da oliseridin, maganin raɗaɗi na dangin mofin da aka tsara bisa wannan tunani. Sai dai masana sun yi saɓani a kan ko zaɓen ɗan aiken ne ainihin dalilin bambancinsa da mofin.

Na uku, makarɓai marayu. Akwai kimanin 100 a dangin furotin G, ban da na hanci, waɗanda ba a tabbatar da saƙon da suke jira ba. Duk wanda aka gano wa saƙonsa yana iya zama ƙofar sabon magani.

Na huɗu, homon GLP-1, wanda hanji ke saki bayan cin abinci. Yana sa fankiriyas ya ƙara insulin idan sukari ya hau, yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Na jiki yana lalacewa cikin kimanin minti 2. A 1992 John Eng ya bayyana wani sinadari mai kama da shi amma mai daɗewa, daga dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, wanda ya zama maganin eksenatid a 2005. Semagulutid, da aka amince da shi a 2017, yana kai mako guda yana aiki. Waɗannan magunguna suna da tsada, suna da illoli, kuma likita ne kaɗai ke rubuta su. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami na jabu a kasuwa.

8.0 Kammalawa

Na koma wajen Kawu na ba shi haƙuri, na ce kuskuren nawa ne. Na ce, "Kawu, insulin ba magani ne kawai ba, jikinka ma yana yin sa. Shi ne ke sallama a ƙofa don a buɗe wa sukari. Jin ƙwayoyin jikinka ne ya yi nauyi. Maganin da aka ba ka yana rage sukarin da hanta ke zubowa, yana kuma taimaka musu su ji. Tafiyar ƙafa ma tana taimakawa, domin tsokar da ke aiki tana buɗe wa sukari ƙofa ko ba a yi sallama ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe kurumta ce, ba gaba ba." Muka koma asibiti aka duba ƙafar, ya ci gaba da shan maganinsa, mikin ya warke a hankali.

Da yawa daga cikinmu za mu tsinci kanmu a tsakanin likita da majiyyaci, ko a gidan rediyo muna fassara sanarwar lafiya. Ƙamus zai ba mu kalma, amma ba zai gaya mana abin da mai saurare zai yi da ita ba. Shawarata ita ce mu nemi fahimtar abin kafin mu fassara sunansa, sannan mu roƙi wanda muka yi wa fassara ya maimaita mana abin da ya ji.

Ga kalmomin da na yi amfani da su, domin malamai da ɗalibai su auna: makarɓi, wato furotin mai karɓar saƙo, ɗan aike na biyu, wato sinadarin da ke kai labari cikin ƙwaya, makarɓi maraya, wanda ba a san saƙonsa ba, nauyin jin insulin, a maimakon turjiya. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, ina roƙon ya aiko wa mujalla domin fitowa ta gaba.